Kangon Masana'anta Yana Iya Zama Lambun Jama'a, Amma Sai An Fara Tambayar Ƙasa



Duk wanda ya girma a Parakou ya san garin nan ya yi zamani da ƙarar injuna. Layin dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso nan a shekarar 1936, kuma a nan ya tsaya. Shi ya sa a da kayan da za su wuce Nijar suke sauka daga jirgi a Parakou a ɗora wa manyan motoci, har kewayen tashar ya cika da rumbunan ajiya da garejin gyara da tankunan mai. A shekarun 1970 aka kafa masaƙar da dattawanmu suka sani da sunan IBETEX, wadda daga baya ta koma COTEB, ta ciyar da gidaje masu yawa. Yau jirgin fasinja ya daina zuwa, injunan masaƙar kuma sun yi shiru. Ba mu kaɗai ba ne: a Kaduna, masaƙar KTL ta unguwar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta rufe ƙofarta a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta.

Idan masana'anta ta mutu, filinta yana nan. Lokacin da aka gina ta tana bayan gari, kafin ta rufe kuwa gari ya riga ya kewaye ta. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen Parakou sun haura 255,000, na gundumar Djougou sun haura 267,000, kuma tun daga lokacin sai ƙaruwa muke yi. Irin wannan fili a tsakiyar jama'a ba ya daɗewa a banza. Ko dai a yanka shi gida-gida da shago-shago, ko ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Akwai hanya ta uku da wasu biranen duniya suka bi, wato mai da shi lambun shaƙatawa na kowa da kowa. Ita za mu bayyana a wannan rubutu: dalilin da ya sa ake yin ta, haɗarin da ke ɓoye a cikinta, da tsarin da ake bi don kada alheri ya juye ya zama cuta.

Me ya sa ido yake kan filin masana'anta?

Gari mai cunkoso ba ya samun babban fili cikin sauƙi. In hukuma ta so hekta goma a tsakiyar unguwanni, sai ta tashi ɗaruruwan gidaje ta biya diyya. Kangon masana'anta kuwa fili ne dunƙulalle, galibi mai shi ɗaya ne, akwai hanyar mota zuwa ƙofarsa, an taɓa ja masa ruwa da lantarki. Bugu da ƙari, unguwannin da ke kewaye da shi na ma'aikata ne da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda tsakar gidansu ba ta da faɗi, 'ya'yansu kuma a bakin titi suke wasa tsakanin babura.

Amfanin lambu a gari irin namu ba sai an yi dogon bayani ba. Wanda ya ratsa kwalta da azahar a watan Maris ko Afrilu, sa'an nan ya shiga inuwar maɗaci, jikinsa ya gaya masa bambancin. Ruwan da ke sauka mana a damina ya haura milimita 1,000 a shekara. Inda aka shafe ƙasa da siminti sai ya kwarara cikin gidaje, inda aka bar ta a buɗe da itatuwa sai ta shanye ta ajiye wa rijiyoyi. Ga ɗalibi mai neman wurin bitar karatu, ga tsohon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari, ga uwa mai neman inda yara za su yi guje-guje ba tare da fargabar mota ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Garuruwan Hausa na da suna da hurumi, filin da sarki da jama'a suka keɓe don kiwo ko idi ko maƙabarta, ba a nomawa, ba a ginawa, ba a gadonsa. A littattafan fiƙihu ma akwai babi sukutum a kan raya mataccen fili, inda malaman Malikiyya suka lissafa fitar da ruwa da dasa itace da daidaita ƙasa cikin ayyukan da ake raya fili da su, suka kuma sharɗanta izinin shugaba idan filin yana kusa da gari, saboda haƙƙin jama'a ya rataya a kansa. Kangon masana'anta yana da mai shi, don haka wannan hukunci bai hau kansa kai tsaye ba. Abin ɗauka shi ne magabata sun ɗauki filin da ke jikin gari a matsayin abin da ya shafi kowa.

A Kano an ga yadda jama'a da kansu suke nuna buƙatarsu. Wajen Ƙofar Mazugal ne ake jera buhunan gyada a yi dala da su kafin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Da cinikin gyada ya faɗi a shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta kama shukar, dalar ta ɓace, samari suka mai da wurin filin ƙwallo, sunan filin dalar gyada kuma ya bi shi. Babu wanda ya zana musu taswira. Sai dai wurin da aka tara buhuna daban, wurin da aka shekara talatin ko hamsin ana dafa sinadarai daban.

Abin da ƙasa ta haɗiye

Kowace sana'a da irin dattin da take bari. Masaƙar da ke rini tana aiki da launuka da soda da sinadarin wanke zare, tana ƙona baƙin mai a tukunyar tururi. Majemar zamani, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, tana jeme fata da gishirin kuromiyom. Garejin jiragen ƙasa da na manyan motoci yana barin gas da baƙin mai da suka yi shekaru suna tsiyaya. Inda ake fasa tsofaffin batura akwai dalma. Rumbun da aka ajiye maganin ƙwarin auduga yana iya riƙe guba a daɓensa da ƙasar da ke ƙarƙashi; mu a Borgou mun san endosulfan, wanda ya yi kisa a ƙauyukan auduga kafin ƙasarmu ta haramta shi a 2008. Tsofaffin taransifoma suna ɗauke da wani mai da ba ya ruɓewa, tsohon kwanon rufi na asbesto kuma in ya farfashe ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru masu yawa.

Masana sun kasa wannan datti gida biyu, kuma fahimtar rabon ita ce mabuɗin duk aikin. Kashi na farko shi ne dangin mai. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna iya cinye da yawa daga cikinsa a hankali, in sun samu iska da danshi da taki. Kashi na biyu shi ne dangin ƙarfe, kamar dalma da kuromiyom da zaiba. Waɗannan ba sa ruɓewa. Dalmar da ta zuba a ƙasa yau tana nan bayan shekara ɗari, sai dai a kwashe ta ko a rufe ta.

Gubar tana isa jikin mutum ta hanyoyin da ba a lura da su. Yaro yana rarrafe ya sa hannu a baki. Iskar hunturu tana ɗaga ƙura ta shigar da ita ɗakuna. Ruwan sama yana tace dattin zuwa rijiyar maƙwabta. Alayyafo da latas da karas da aka shuka a wurin suna ɗauka, akuyar da ta yi kiwo a wurin ma haka. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsewa, kuma babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi da nauyin fahimta, iyaye su yi ta zargin malami ko zargin yaron.

Ba labarin nesa ba ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Abin lura shi ne likitocin ba su iya ba da maganin wanke jini yadda ya kamata ba sai da aka kankare saman ƙasar gidajen, aka binne ta a rami na musamman, aka zuba sabuwa, don in yaro ya warke ya koma kan ƙasa mai guba aikin banza aka yi. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar kuma, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wurin da aka daɗe ana fasa baturan mota, mutane suna tankaɗe ƙasar suna tsintar dalma don sayarwa.

Misalin da ya fi kama da batunmu ya faru a Amurka, a wata unguwa mai suna Love Canal ta garin Niagara Falls. Kamfanin Hooker ya binne sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a wani tsohon rami, ya rufe da ƙasa, ciyawa ta tsiro a kai. A 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina firamare da filin wasa, gidaje suka kewaye. Bayan shekaru ashirin da wani abu, ruwan sama mai yawa ya taso da gubar har cikin gidaje. A 1978 aka ayyana dokar ta-ɓaci aka fara kwashe iyalai, a 1980 kuma ƙasar ta kafa dokar da ke tilasta wa wanda ya gurɓata wuri biyan kuɗin gyaransa. Koren ciyawa ba shaidar lafiyar ƙasa ba ce. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Yadda ake gyara ƙasar

Mataki na farko ba ya buƙatar na'ura. Ana tattara tarihin wurin: me aka sarrafa, ina tankin mai yake, ina ake zubar da ruwan rini, ina aka binne ganguna. Takardun kamfani sukan ɓace, amma tsofaffin ma'aikata suna tuna komai, har kusurwar da ciyawa ba ta taɓa fitowa ba. Dattijon da ya yi shekara ashirin a ɗakin tukunyar tururi ya fi kowace taswira sanin inda za a fara tona.

Mataki na biyu shi ne awo. Ana raba filin gida-gida kamar dara, a ɗebi ƙasa daga sama da kuma daga zurfi, a ɗebi ruwan rijiyoyin ciki da na maƙwabta, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Daga sakamakon ake zana taswirar da ke nuna inda ke da tsabta, inda ke da datti kaɗan, da inda ya yi muni. Sau da yawa mummunan wurin ɗan yanki ne na filin, don haka awo yana rage kashe kuɗi. Shi ne kuma yake raba gardama tsakanin mai cewa wurin lafiya lau yake da mai cewa duk guba ne.

Mataki na uku shi ne magani, kuma hanyoyinsa huɗu ne sanannu. Ta farko, a kwashe ƙasar da ta ɓaci a kai ramin da aka shimfiɗe da yumɓu da leda mai kauri. Ita ta fi tabbas, ita ta fi tsada, kuma in ba a kula ba sai a ɗauke cuta daga wata unguwa a kai wa wata. Ta biyu, a rufe ta a inda take da yumɓu ko siminti, a zuba tsabtatacciyar ƙasa mai kauri a kai. Ta uku, a gauraya ƙasar da taki da ɗiɗɗigar katako, a riƙa juya ta tana shan iska har ƙananan halittu su cinye man. Ta huɗu, a dasa tsirrai masu riƙe ƙasa ko masu tsotse ƙarfe, irin ciyawar jema mai dogon saiwa. Wannan tana ɗaukar shekaru, kuma abin da aka yanka ba a ba dabba, ba a yin girki da shi.

Bayan magani sai ƙa'idoji. Inda aka rufe, ba a haƙa rijiya, ba a tona rami, ba a shuka abin ci. Wurin wasan yara ana ajiye shi a yanki mafi tsabta. Ana kuma maimaita awo lokaci-lokaci, kuma birnin Seattle na Amurka ya nuna dalili. A can akwai masana'antar da ta yi aikin fitar da iskar gas daga kwal da mai daga 1906 zuwa 1956. Birnin ya sayi filin, mai faɗin hekta takwas, a 1962. Mai zanen lambun, Richard Haag, ya ƙi a rushe manyan hasumiyoyin ƙarfen, ya kuma yi amfani da hanyar taki da ɗiɗɗigar katako wajen gyaran ƙasa. Aka buɗe lambun a 1975, mutane suka yi ta sha'awa. A 1984 sabon awo ya nuna akwai sauran guba, aka rufe shi na wani lokaci, daga baya aka ƙara rufe sassansa da sabuwar ƙasa. Har yau an hana wanka a tafkin da ke gabansa saboda lakar ƙasan ruwan. Lambun yana nan cike da jama'a, kuma abin da ya tsare shi shi ne ba a daina awo ba, da sakamako ya fito kuma ba a ɓoye shi ba.

Biranen da suka yi, da abin da kowanne ya koyar

A Paris, a bakin kogin Seine, André Citroën ya gina masana'anta a 1915 don ƙera harsasan igwa, bayan yaƙi ta koma ƙera motocin da muka sani a hanyoyinmu. Da aikin ya tashi daga wurin a shekarun 1970, hukumar birnin ba ta bar filin duka ga masu gini ba, ba ta kuma ce duka sai lambu ba. Ta keɓe hekta 14 ga lambun da aka buɗe a 1992, sauran aka yi gidaje da ofisoshi da babban asibitin Georges-Pompidou. Darasin shi ne ana yanke rabon jama'a tun kafin a fara rabon filaye. In aka ce sai an gama a ga abin da ya rage, babu abin da zai rage.

A Duisburg ta Jamus, masana'antar narka ƙarfe ta Thyssen ta kashe wutarta a 1985. Rushe ta kaɗai zai ci kuɗi mai yawa, mutanen garin kuma ba su so a shafe wurin da iyayensu suka yi gumi. Mai zane Peter Latz ya bar gine-ginen a tsaye ya canza musu aiki. Babban tankin gas aka cika shi da ruwa ya zama wurin koyon nutso. Bangayen rumbun tama suka zama wurin koyon hawa. Ɗaya daga cikin manyan murahun narka ƙarfen aka sa masa matakala, mutane suna hawa suna hango gari. An buɗe lambun, mai faɗin hekta kusan 180, a 1994, kuma shiga kyauta ne. Mu ma a nan tsohon rumbu mai ƙwari yana iya zama ɗakin karatu ko zauren taro ko wurin koyon sana'a, maimakon a sayar da ƙarafansa ga masu awon kilo.

Misalin da ya fi kusa da yanayinmu shi ne lambun Al-Azhar na Alƙahira. Shi ba masana'anta ba ce a da. Tudun Darassa ne, inda birnin ya shekara kimanin 500 yana zubar da shara da ɓaraguzan gini, a jikin unguwar talakawa ta Darb al-Ahmar. A 1984 Aga Khan ya yi alkawarin bai wa birnin lambu, amma ba a buɗe shi a hukumance ba sai a 2005. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Hukumar ruwa ta riga ta tsara gina manyan tankuna uku a wurin, sai aka jira aka gama su, aka binne su, aka yi lambun a kansu. An kwashe lodin tifa kimanin 80,000 na tarkace. Ƙasar ta yi gishiri da yawa, sai da aka kawo wata, aka kafa wuraren renon tsirrai don gwada irin da zai jure. Ana cikin tono aka ci karo da ganuwar zamanin Salahuddin al-Ayyubi, ta ƙarni na 12, wadda shara ta binne. Aka tono fiye da kilomita guda nata aka gyara. Lambun mai hekta 30 ya ci fiye da dala miliyan 30.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a aikin Alƙahira shi ne ba a tsaya a bakin katangar lambun ba. An gyara gidaje da tsofaffin masallatai a Darb al-Ahmar, an koya wa matasan unguwar sassaƙar dutse da kafinta, an ba da ƙananan rance, an ɗauki 'yan unguwa aiki. Dalili kuwa sananne ne: idan wuri ya gyaru kuɗin haya yakan tashi, talakan da ya sha warin juji shekara da shekaru ya zama shi ne na farkon barin unguwa. Duk da haka akwai abin da ake ƙorafi a kai, wato kuɗin shiga. Da shi ake biyan masu ban ruwa da masu shara, amma yana yi wa mai iyali da yawa nauyi.

Wa zai biya, wa zai kula?

A nan yawancin ayyuka suke tuntuɓe. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma dokar muhalli ta ƙasarmu, mai lamba 98-030 ta 12 ga Fabrairu 1999, ta ɗauki wannan ƙa'ida, ta kuma wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, wanda hukumar ABE take dubawa. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin zama a muhalli mai lafiya, ya kuma ɗora masa nauyin kare shi. Matsalar ita ce kamfanin da ya karye ba shi da abin biya, wani lokaci ma gwamnati ce mai shi. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a yi maganar gyara shi ne lokacin da ake sayar da filin ko ake miƙa shi ga wani, a rubuta a yarjejeniya wanda zai yi awo da wanda zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya shafi sababbin masana'antu ma, irin waɗanda ake ginawa a Glo-Djigbé: ranar buɗewa ce ranar tambayar yadda za a bar ƙasar.

Sai batun takarda. Mun sha jin yadda filayen da aka keɓe wa jama'a lokacin yanka unguwanni, don makaranta ko kasuwa ko asibiti, suke zamewa su koma hannun mutane ɗaiɗaiku. Lambun da ba a yi masa rajista da sunan jama'a a ƙarƙashin dokar filaye ta 2013 ba, aka kafa masa duwatsun iyaka, rance ne kawai aka ba unguwa. Hikimar waƙafi ke nan tun asali: a tsare asalin abu yadda ba a sayarwa ba a gado, a bar amfaninsa yana gudana.

Na ƙarshe shi ne kulawa. Dasa itace aikin yini ɗaya ne, kuma kowace ranar 1 ga Yuni muna ganin ana yi a faɗin ƙasa. Rayar da shi aikin rani uku ne na ban ruwa da kariya daga awaki. Lambu yana buƙatar mai gadi, fitila, makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban, wurin alwala, da kwandon shara da ake kwashewa. In babu waɗannan, cikin shekara biyu mata da yara za su daina zuwa, waɗanda aka gudu tun farko su dawo. Gara ƙaramin lambu na itatuwan da suka san ƙasarmu, maɗaci da darbejiya da gamji da marke, da katafaren wuri mai ciyawar Turai da ke shan ruwan da unguwa ba ta samu ba. Itatuwan da ake cin 'ya'yansu ko ganyensu, kamar mangwaro da zogale da kuka, a bar su sai inda awo ya wanke.

Abin da ke hannunmu

Ba kowa ne zai zana lambu ba, amma akwai aikin da jama'ar masallaci da ɗalibai suka fi kowa iyawa. Kwamitin unguwa yana iya lissafa kangayen da ke kewayensa, a Guéma ko Zongo ko cikin Djougou, manya da ƙanana, har da tsohon gidan mai da garejin da aka tashi, ya nemi sanin mai kowanne a ofishin magajin gari. Ɗaliban Jami'ar Parakou, musamman na sashen aikin gona da na likitanci, suna iya zama da tsofaffin ma'aikata su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Wannan kundin bincike ne mai amfani, kuma girmamawa ce ga dattawan. Limamai da malaman makarantun allo suna iya jan kunnen iyaye kada yara su yi wasa inda ake fasa batir ko zubar da baƙin mai, kada kuma a ɗebo ƙasar irin wuraren nan don cike tsakar gida ko daɓen masallaci.

Idan kuma aka kira taron jin ra'ayin jama'a a kan wani fili, mu je, mu tafi da tambayoyi huɗu. An auna ƙasar da ruwan, kuma ina sakamakon? Hekta nawa aka rubuta da sunan jama'a? Wa zai biya ban ruwa da gadi bayan an yanke ƙyalle? Talakan unguwa zai iya shiga da 'ya'yansa? Wanda ya zo da niyyar alheri ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Iyayenmu sun ci abinci daga waɗannan filaye, kuma babu laifi a cikin haka. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne yanayin da za mu miƙa su ga jikokinsu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kare yaranmu daga cutar da ake gani da wadda ba a gani, Ya sa mu dace. Amin.